Ranar da na mayar da makullin coci

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Fiye da shekara 20 ke nan ina zaune a arewacin Ingila ina aikin jinya, kuma duk lokacin da na zo gida hutu, matan Zumunta sukan kewaye ni bayan an tashi daga sujada suna tambayata yadda ibada take a ƙasar da bishara ta fito ta zo mana. Nakan ce musu lafiya lau, sai godiya, sa'an nan in karkatar da hirar zuwa ga sanyi da tsadar haya. Na daɗe ina jin nauyin wannan amsa a zuciyata, domin ba ita ce gaskiyar abin da idona ya gani ba, kuma wani ɓangare na gaskiyar ya shafi cikin gidana ne. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan shaida.

A Wusasa aka haife ni a 1972. Kakata ta wajen uba, wadda na tashi a ɗakinta, ta ga ɗan mishan nan, Dokta Walter Miller, da idonta tun tana yarinya, kuma har ta rasu Likita Mila take kiransa. Daga bakinta muka ji yadda 'yan mishan na CMS, wata ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, suka fara zama a cikin birnin Zazzau kafin su koma Wusasa a 1929, da yadda aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausawa, da murnar da aka yi sa'ad da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da harshenmu a 1932. Nata littafin ya tsufa har an ɗinke bangonsa da zare, amma ba ta yarda wani ya ɗauke shi daga gefen filonta ba. A gidanmu babana yakan tashe mu kafin gari ya waye, a yi waƙa ɗaya, a karanta nassi, a yi addu'a, da dare ma haka kafin kowa ya kwanta. Ranar Asabar ta wanki ce da guga domin Lahadi. Da Kirsimeti mu ake aika da kwanukan shinkafa gidajen maƙwabtanmu Musulmi, su kuma da Babbar Salla su aiko mana da nama. Ranar godiyar kaka kuwa, gaban coci yakan cika da damunan dawa da buhunan masara da kaji ɗaure da ƙafa, suna ta kuka ana wa'azi.

Akwai wani aiki da na tsana ina yarinya, wato yaɓe. Gidanmu ginin ƙasa ne, saboda haka duk shekara idan damina ta wuce sai a kwaɓa ƙasa a toshe inda ruwa ya ci, mu yara mu yi ta ɗibar ruwa har wuya ya ƙage. Na taɓa tambayar Kaka dalilin da ya sa ba za a bari sai baɗi ba, tun da bangon yana tsaye. Ta ce ai bangon da aka tsallake yaɓensa ba ya faɗuwa a shekarar, ba ya faɗuwa a ta gaba, sai ranar da kowa ya manta da zancen sannan zai kwanta a kan masu barci. Sai da na yi nisa da gida wannan magana ta dawo mini.

Ina da shekara 15 aka yi rikicin Maris na 1987, wanda ya tashi daga Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da wasu garuruwa, aka ƙone coci-coci da dama. Ba zan yi dogon bayani a kansa ba, sai abu biyu da na riƙe: wani maƙwabcin gwaggona, Musulmi, shi ya ɓoye ta da 'ya'yanta a cikin gidansa kwana biyu, kuma Lahadin da ta biyo baya na ga mutane tsaye cikin kangon cocinsu, babu rufi, toka na manne musu a ƙafa, suna waƙa. Tun daga ranar na ɗauka cewa abin da ke barazana ga ikilisiya wuta ce da adda, kuma da wannan fahimtar na hau jirgi.

Na isa Ingila a watan Nuwamba na 2003, lokacin da ake ɗibar ma'aikatan jinya daga ƙasashen waje. Aka tura ni wani gidan kula da tsofaffi a yammacin Yorkshire, cikin wani ƙaramin gari na tsofaffin masaƙun ulu da suka daɗe da rufewa. Lahadin farko na ɗaura atamfata mai kyau, na kafa ɗauri, na ɗora babbar rigar sanyi a sama, na fita da wuri don kada in rasa wurin zama, domin a tunanina idan cocin Wusasa yana cika har waje, to na waɗanda suka kawo mana bishara sai an yi turereniya. Ginin dutse ne mai hasumiya, wanda zai ɗauki mutum 400 ba tare da matsi ba. Na ƙirga waɗanda suka zo, har da limami da mai kaɗa molo, muka tashi mutum 23. Ni kaɗai ce ban kai shekara 60 ba. Babu kukan jariri, babu yaro ko ɗaya da za a harara ya yi shiru. Cikin sa'a guda aka gama, limamin ya gaisa da mu a gurguje domin yana da wasu coci biyu da ke jiransa a ƙauyukan da ke kusa, mu kuma aka ba mu shayi da biskit a bayan coci. Tsofaffin sun karɓe ni hannu bibbiyu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma a hanyar komawa gida na yi ta gaya wa kaina cewa watakila akwai wata sujadar da yamma wadda matasa suke zuwa. Babu ita.

Da na fara sanin gari sai na lura da wasu gine-gine masu dogayen tagogi da rubutun shekara a goshinsu. Majami'un Methodist ne da na Baptist, a yankin da shi kansa John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya sha yin wa'azi a ƙarni na 18, inda masaƙa suka tara kwabo-kwabo suka gina wa kansu wuraren sujada. Ɗaya ya zama shagon sayar da darduma, ɗaya an yanka shi ɗaki-ɗaki ana haya, wani ya zama gidan abinci, wani masallaci. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya zama mashaya, an bar mumbarin a inda yake domin ado. Babu wanda ya ƙone ko ɗaya daga cikinsu. Masu su ne suka tsufa, suka ragu, suka kasa biyan kuɗin wuta da gyaran rufi, suka sayar.

A wurin aiki na sami bayanin da ya fi gamsar da ni, ba daga bakin limami ba. Akwai wata tsohuwa mai shekara 91 da cutar mantuwa ta cinye, har ba ta gane 'yarta ta cikinta. Wata safiya ina yi mata wanka ina rera wata waƙa daga littafin waƙoƙinmu na Hausa a hankali, ban ma san ina yi ba, sai na ji ta ɗauka da Turanci, baiti bayan baiti, babu tuntuɓe. Ashe karin ɗaya ne, nasu ne 'yan mishan suka juya mana. Muka kai ƙarshe tare, ni da Hausa ita da harshenta, hawaye na zuba mini cikin ruwan wankan. Daga ranar kullum sai mun yi. Da 'yarta ta zo ziyara ta tarar da mu a haka, ta tsaya a bakin ƙofa har muka gama, daga baya ta ba ni labarin gidansu. Ta ce uwarta ba ta taɓa fashin coci ba. Ita kuma an tura ta makarantar Lahadi tana yarinya, amma ta daina tana da shekara 14, babu wanda ya tsawata mata. An ɗaura mata aure a coci domin hoto ya yi kyau. 'Ya'yanta ba a yi musu baftisma ba, domin ta ga ya fi dacewa su zaɓa da kansu idan sun girma. Jikokinta kuwa ba su taɓa shiga coci ba sai da makaranta ta kai su kallon gini. Sai ta ƙara da maganar da har yau take kunnena: "Ba mu yi faɗa da Allah ba, mun dai daina zuwa ne."

Na ji irin wannan labarin daga iyalai da yawa, har na gane cewa zuriya uku kacal abin yake bukata: kaka ta sani kuma tana yi, uwa ta sani amma ba ta yi, jika bai sani ba balle ya yi. Dalilan da suke bayarwa ma ba na wauta ba ne. A wurinmu ikilisiya ita ce makaranta, ita ce asibiti, ita ce adashe, ita ce mai sasanta ma'aurata, ita ce mai haƙa kabari. A can gwamnati ta ɗauke yawancin wannan kaya tun da daɗewa. Tun 1948 akwai hukumar lafiya ta ƙasa da ke duba kowa ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba, saboda haka mutum yana iya rayuwa daga haihuwa har mutuwa bai taɓa bukatar ƙwanƙwasa ƙofar limami ba. Lahadi ma ta canja. Tsofaffin sun gaya mini cewa a ƙuruciyarsu gari yakan yi tsit, babu saye babu sayarwa, amma tun dokar 1994 manyan kantuna suna buɗewa sa'a shida a ranar, ƙwallon yara kuma da safiyar Lahadi ake buga ta. Sa'an nan akwai abin kunya da ikilisiya ta jawo wa kanta: binciken da aka fitar a 2020 ya nuna yadda Cocin Ingila ya fifita kare sunansa a kan kare yaran da aka ci zarafinsu, kuma a Nuwamba na 2024 Akbishop na Canterbury, babban limamin cocin, Justin Welby, ya yi murabus a kan irin wannan batu. Idan abokin aiki ya jefo mini wannan a fuska, ba ni da abin cewa sai in sunkuyar da kai.

Abin da zai rikita baƙo shi ne, a takarda ƙasar tana nan a matsayin ta Kirista. Sarki shi ne shugaban Cocin Ingila, bishop 26 suna da kujeru a majalisar dattawa, kuma a ranar 6 ga Mayu 2023 duniya ta kalli yadda aka naɗa Sarki Charles a cocin Westminster Abbey da shafewar mai da addu'o'i. Tun 1944 doka ta ce a yi sujada kullum a makarantu, ko da yake 'ya'yana sun ce abin da ake yi musu jawabi ne a kan kirki da tsabtar muhalli. Bukukuwan ma suna nan, sai dai an zare musu laka. Ranar Talatar da ke gaban azumin kwana 40 kowa yana soya fanke, amma da wuya ka ga mai azumin. Ista ta zama ta ƙwan cakulan da dogon hutu. Kirsimeti tun watan Oktoba kantuna suke fara ta, kuma daren da ake waƙoƙinta ne kaɗai nake ganin cocinmu ya kusa cika, mutane su rera da ƙarfi, wasu har da hawaye, sa'an nan sai baɗi. Godiyar kaka kuma gwangwanayen wake ne da taliya da ake tarawa domin masu ƙaramin ƙarfi. Abu ne mai kyau, amma babu wanda ya noma ko ƙwaya ɗaya a ciki, kuma babu kazar da za ta katse wa'azi.

Shekaru na yi ina kallon wannan duka da wani irin girman kai, ina ce wa maigidana a waya cewa Turawa sun ɓata. Shi da yara biyu suka iso a 2005, aka haifi autarmu a 2008. A nan ne shaidata ta zama ikirari. Aikin ranar Lahadi ya fi na sauran ranaku kuɗi, ni kuwa ina da ginin da muka fara a Zariya, da kuɗin makarantar ƙanne uku, da maganin Mama. Na fara karɓar Lahadi ɗaya a wata, ta zama biyu, wani watan ma duka huɗun. Maigida yana aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, idan ya dawo da asuba ba ya iya ɗaga ido. Addu'ar safe ita ta fara tafiya, domin babu sa'ar da dukanmu muke a farke a gida ɗaya. Ta dare ta koma ta kan abinci, ta kan abincin ma ta gajarce har ta zama kalma uku. Babu ranar da muka zauna muka yanke shawarar dainawa. Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na harshe: don kada a yi wa yaran dariya a makaranta, muka koma yi musu Turanci a gida. Ni kuwa bangaskiyata da Hausa aka dasa ta, da Hausa na san yadda ake kuka a gaban Allah, idan na yi addu'a da Turanci sai in ji kamar ina cika takardar ofis. Abin da na miƙa musu ke nan, kwafi marar zafi, sa'an nan nake mamakin yadda bai kama su ba.

A watan Maris na 2021 aka yi ƙidayar jama'a. Annobar korona ta sa babban ɗana, mai shekara 21 a lokacin, ya dawo gida daga jami'a. Ina zaune a kan teburin cin abinci ina cika mana bayanai a kwamfuta, na zo kan tambayar addini, na sa wa kaina Kirista, na sa wa babansu, na kai kansa, sai ya dafa hannuna a hankali ya ce, "Mama, don Allah kada ki rubuta mini abin da ba shi ne ba." Na ce masa an yi masa baftisma a Wusasa, bishop ya ɗora masa hannu, sunan da yake amsawa ma daga Littafi Mai Tsarki aka ciro shi. Ya ce ya sani, kuma ba ya raina ko ɗaya, amma rabonsa da gaskata wani abu tun yana ɗan shekara 16, ya yi shiru ne don kada ya ɓata mini rai. Da hannuna na danna masa gurbin marasa addini, domin ban koya masa ƙarya ba. Da sakamakon ya fito a ƙarshen 2022, jaridu suka yi ta bugawa cewa a karon farko Kirista sun gaza rabin mutanen Ingila da Wales: kashi 46.2 cikin 100, alhali a 2011 kashi 59.3 ne, a 2001 kuwa, dab da zuwana, sun haura kashi 70. Marasa addini sun kai miliyan 22.2. Mutane suna karanta lamba, ni kuwa na san sunan mutum ɗaya a ciki, na san ranar da ya fara haƙori.

Mun yi muhawara da shi sau da yawa bayan haka, kuma ba zan ce na yi nasara ba. Ya taɓa ce mini, "Mama, a Nijeriya coci cike, masallaci cike, to su wa suke sace kuɗin asibiti? Ke da kanki kika ba ni labarin yadda kika goya ni kika gudu a rikicin Kaduna na 2000. A nan maƙwabcinmu bai san hanyar coci ba, amma shi yake share mana ƙanƙara a ƙofar gida." Gaskiya ce, ko da ta fito daga bakin yaro. Ni ma na ɗanɗani daɗin zama a inda ba a tambayar addininka kafin a ba ka aiki ko haya, inda nake kwana ba tare da na kasa kunne ko ana ihu a unguwa ba. Na kuma yarda cewa cikar cocinmu a gida ba duka ba ce ta tsoron Allah. Akwai tsoron bakin maƙwabta a ciki, akwai neman wanda zai taimaka ranar wahala. Inda muka rabu da shi shi ne a kan abin da nake gani a bakin gadon masu mutuwa, wanda shi bai gani ba tukuna.

Na zauna da mutane fiye da yadda zan iya ƙirgawa a sa'arsu ta ƙarshe. Ƙa'idar aikinmu ta hana mu cusa wa majiyyaci addini, kuma ina ganin daidai ne, ba na kawo zancen sai an nema. Abin da na lura shi ne, iyalan da suka rabu da al'adun nan suna ƙaunar tsofaffinsu ƙwarai, amma idan lokacin ya zo sai su tsaya cirko-cirko, ba su da kalmar da za su faɗa tare, ba su san inda za su sa hannuwansu ba. A wurinmu ko wanda bai iya karatu ba ya san abin yi: wata za ta ɗauko waƙa, wani ya yi addu'a, mata su hura wuta, a zauna makoki, kowa ya ce Allah ya ba da haƙuri a amsa da amin. Sau da yawa wani ɗa ko 'ya sukan ja ni gefe su ce, tun da ke mai zuwa coci ce, ko za ki faɗi wani abu? Sai in karanta Zabura ta 23, in ga kafaɗunsu sun sauka. Tsohuwar nan tawa mai waƙa, da ta rasu, an ƙone gawarta kamar yadda ake yi wa yawancin mutane a can, aka sa waƙar rediyo da aka ce tana so, cikin minti 20 aka tashi. Babu wanda ya rera ko baiti ɗaya na abin da ya rage mata a ka bayan ta manta sunanta. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya iya ne.

Wani abin da ban zata ba, waɗanda suka fi fahimtata a wurin aiki Musulmi ne. Wata abokiyar aikina, 'yar asalin Pakistan da aka haifa a Bradford, ita take karɓar mini aikin Jumma'ar da ake tuna mutuwar Almasihu da Lahadin Ista, ni kuma in karɓar mata ranakun Salla. Idan na ce in Allah ya yarda, ita kaɗai ce ba ta kallona kamar na yi wani abin ban dariya. Ita ma kukanta ɗaya da nawa, domin ƙanenta ya daina zuwa masallaci. Na kuma leƙa cocin 'yan Nijeriya da ke haɗuwa a tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya, irin su Redeemed, inda ake cika maƙil da ganga da rawa har ka manta kana Turai. Wasu suna cewa mu ne za mu mayar wa Turawa bisharar da suka kawo mana. Ina fata haka ne, amma idan na duba kujerun, baƙi ne 'yan'uwana suke cike da su, kuma iyayen da ke wurin suna raɗa mini cewa nasu 'ya'yan ma daga sun tafi jami'a sai a hankali. Shi ya sa na zauna a ƙaramin cocina na tsofaffi, har suka zaɓe ni cikin dattawa biyu masu kula da gini, suka ba ni makulli, wani babban ƙarfe mai nauyi da ya huda mini aljihu biyu.

Da aka rufe wuraren ibada a Maris na 2020 saboda korona, mun binne mutum biyar daga cikinmu kafin a sake buɗewa, wasu kuma suka saba da zama a gida. Muka koma mu 11. Rufi yana yoyo a wuri uku, kuɗin gyaransa ya fi baikonmu na shekara goma, da hunturu kuma muna sujada sanye da safar hannu domin ba ma iya biyan kuɗin ɗumama ginin. A 2023 aka yanke shawarar rufewa. Ni aka sa in kwashe takardun da ke cikin akwatin ƙarfe na ɗakin limami, kuma a nan na ci karo da tsofaffin littattafan lissafi, rubutun hannu da tawada. Shafi bayan shafi, shekara bayan shekara, tun kafin yaƙin duniya na farko, akwai layi guda na baikon da aka tara domin CMS: sule kaza daga ajin 'yan mata, kwabo kaza daga akwatin wata gwauruwa. Masaƙa ne da ke tsaye a gaban inji tun asuba, waɗanda ba su taɓa ganin baƙin mutum ba, suke cire wannan daga bakinsu. Na zauna a ƙasa cikin ƙura ina tunanin cewa wataƙila wani kwabo daga cikin waɗannan ya shiga kuɗin jirgin ruwan da ya kai wani ɗan mishan ƙasarmu, ko takardar da aka buga littafin Kaka. Jikokinsu suna nan a garin, ina gaisawa da su a kanti, ni kuma jikar wadda aka yi wa baikon ce zan kulle ƙofar.

A sujadar ƙarshe mutum kusan 60 suka zo, yawancinsu waɗanda aka ɗaura wa iyayensu aure a wurin. Limamiyar, domin a lokacin mace ce, ta roƙe ni in faɗi Addu'ar Ubangiji da Hausa. Na tashi na fara, muryata na rawa, sai na ji wata murya daga can baya tana bina ƙasa-ƙasa, tana tuntuɓe a kan wasu kalmomin. Ɗana ne, wanda ya zo domin ya taya mu kwashe kujeru da motarsa. Ban juya ba. Bayan an tashi ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ya tuba ba, domin har yau yana nan a kan bakansa. Ya ce mini daga baya abin yana cikin kansa ne tun daga ɗakin kakarsa, bakinsa ne ya tafi da kansa. Washegari na kai makullin ofishin da aka ce in kai, wata yarinya mai fara'a ta karɓa, ta ba ni takarda na sa hannu, ta jefa shi cikin aljihun tebur tare da wasu makullan.

Yanzu bas nake hawa zuwa cocin garin da ke gaba, inda muke kai mutum 40 idan an cika. Na daina karɓar aikin Lahadi, ginin Zariya kuwa yana nan bai kai rufi ba. Kowace Lahadi da dare ni da maigida da auta mukan zauna mu karanta Zabura ɗaya da Hausa daga littafin da na gada wurin babana. Ita take karantawa, da harshenta na 'yar Yorkshire da ba ya rarrabe ƙ da k, muna gyara mata tana ƙunƙuni, wani lokacin ta yi dariya har karatun ya tsaya. Idan yayanta ya zo cin tuwo yakan zauna a kicin da wayarsa har mu gama, ni kuma nakan bar ƙofar a buɗe. Makon jiya muka kai Zabura ta 78.